Ciwon Huhu a Shanun Turka: Abin da Ke Kawo Shi da Abin da Ke Buɗe Masa Ƙofa

Duk mai kiwon turka ya san lissafin: ka sayo sa ramamme da sauƙin kuɗi, ka ɗaure shi wata 3 zuwa 4, ka ba shi dusa da harawa da kowa, ya cika ya yi sheƙi, ka kai shi kara gab da Babbar Sallah ko ka sayar wa mahauta. A cikin birnin Kano, daga Shahuci zuwa sauran unguwannin cikin ganuwa, akwai masu ɗaure sa ɗaya ko biyu a kangon gida ko a bayan soro, akwai kuma ƙungiyoyin da ke haɗa kuɗi su kama fili a bayan gari su tara goma ko ashirin. Yau sa guda kuɗinsa ɗaruruwan dubban naira ne, wani ma ya haura miliyan. Idan ya faɗi, jari ne ya faɗi. Ko bai mutu ba, san da huhunsa ya taɓu ba ya ƙiba yadda ya kamata, sai ka yi ta zuba masa dusa jiki bai nuna ba. Ga kuma maganar layya: dabbar da rashin lafiyarta ya bayyana ba ta yin layya, don haka mai saye zai wuce ta.

Mutane da yawa idan sa ya fara tari sai su ce sanyi ne ya kama shi. Sanyi na da nasa hannun, amma ba shi kaɗai ba ne. Ciwon huhu haɗuwar abu uku ne: ƙwayar cuta, dabbar da ƙarfinta ya ragu, da wurin zama da ke taimaka wa cutar. Idan ka gane waɗannan ukun, ka san inda za ka toshe.

Me ya sa huhun sa ba ya jure wahala?

Sa yana da girman jiki, amma huhunsa ƙarami ne idan aka kwatanta da jikin. Idan ka ɗauki sa da doki masu nauyi ɗaya, huhun san bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na dokin ba wajen ɗaukar iska. Wato ko yana kwance lafiya lau, yana amfani da kaso mai yawa na huhunsa, ba shi da rara sosai. Da zarar wani sashe ya toshe da majina ko ya kumbura, ragowar ba ta isa, sai ka ga haki da nishi. San turka kuwa ya fi na kiwon daji shiga wannan matsi, saboda kullum nauyi yake ƙarawa, huhun kuma yana nan yadda yake.

Allah ya yi wa hanyar numfashi masu gadi. Akwai majina mai kama ƙura da ƙwayoyin cuta, akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ido ba ya gani a cikin maƙogwaro masu share dattin su turo shi sama, akwai kuma sojojin jini a can cikin huhu. Ƙishirwa tana busar da majinar. Ƙura da hayaƙi da warin fitsari suna kashe 'yan gashin. Gajiya da tsoro da yunwa suna raunana sojojin jini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba ciwo ɗaya ba ne

Abin da muke haɗawa mu kira ciwon huhu ya kasu, kuma sanin bambancin yana da amfani, don kowanne da hanyar da yake shigowa.

Na farko shi ne zazzaɓin tafiya. Ƙwayoyin da ke kawo shi, irin su bakteriyar da likitoci ke kira fasturela da 'yan uwanta, suna zaune a cikin hanci da maƙoshin sa mai lafiya ba tare da sun yi masa komai ba. Idan ya sha wahalar hanya, ko wani bairos na mura ya riga ya ɓata masa maƙogwaro, sai su yi yawa su gangara cikin huhu. Shi ya sa yake tashi yawanci cikin mako 1 zuwa 3 bayan an sauke dabba daga mota. Ba matsalarmu ba ce mu kaɗai. A manyan gidajen turka na Amurka, inda ake tara dubban shanu wuri guda, wannan ciwo ne kan gaba wajen kwantar da shanu da kashe su, kuma a makonnin farko bayan isowa yake fin tsanani.

Na biyu shi ne ciwon huhu mai yaɗuwa, wanda makiyaya ke kira "huhu" kai tsaye. Ƙwayarsa maikoplazma ce, kuma ba ta zaune a jikin kowane sa, sai an ɗauko ta daga wata dabbar ta hanyar tari da numfashi a kusa da juna. Ba ta kama mutum, amma tana iya bin garke kaf. Haɗarinta biyu ne. Tana iya ɓuya a jiki daga mako 3 har zuwa wata 6 kafin alama ta fito, don haka kana iya sayen sa yana tsalle a kasuwa alhali yana ɗauke da ita. Sannan wanda ya yi ciwon ya tashi, sau da yawa wani sashen huhunsa yakan mutu ya dunƙule cikin wata jaka da ƙwayar a raye a ciki. Idan ya sha wahala jakar ta fashe, sai ya koma yaɗa cutar. Mahauta a abbatuwar Kano sun san kamanninsa: huhu ya yi tauri kamar hanta, da zane-zane a jikinsa, ya manne da haƙarƙari, ga ruwa rawaya cike da ƙirji, yawanci a ɓangare guda.

Wannan ciwo tsoho ne a ƙasar nan. Tun 1924 aka rubuta shi a Najeriya, shekarar da aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta Jihar Filato, wadda har yau ita ke yin allurar rigakafinsa. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma huhu yana nan daram a yankinmu. Amurka ta rabu da shi tun 1892 ta hanyar yanka duk dabbar da ta kamu da hana zirga-zirga. Da ya ɓulla a Botsuwana a 1995, sai da gwamnati ta kashe shanu kusan 320,000 a yanki guda kafin ta shawo kansa. Wannan ya ishe ka gane cewa ba ciwon da za a yi wa sakaci ba ne.

Na uku shi ne tarin fuka na shanu. Shi a hankali yake ci: tari na watanni, rama duk da ana ci. Shi kam yana kama mutum, musamman ta ɗanyen nono da ba a dafa ba da kuma zama kusa da dabbar. Ga wanda ya ɗaure sa a tsakar gidan da yara ke wasa, wannan abin dubawa ne.

Sai kuma waɗanda ba ɗauka ake yi ba, hannun mai kiwo ne ke jawo su. Za mu zo kansu a maganar abinci da ɗura.

Hanya da kasuwa: nan ciwon ke farawa

Yi tunanin abin da sa ya gani kafin ya iso turkenka. Wanda ka saya a Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ko Maigatari ranar Alhamis, ba lallai a nan kusa aka haife shi ba. Wataƙila daga Damagaram ya taso, ko ya biyo ta Potiskum daga wajen Barno ko Chadi. An raba shi da garkensu, an koro shi a ƙasa ko an loda shi a mota, ya wuni a rana a kara, dillalai na dukansa don ya motsa, ya shaƙi numfashin ɗaruruwan shanun da bai taɓa gani ba. Sau da yawa ya kwana ɗaya ko biyu bai ci ba bai sha ba. Daga nan a sake cusa shi a mota, an ɗaure ƙaho sama, ga ƙurar hanya ga hayaƙin inji. Dabbar da aka ɗaure wa kai sama na sa'o'i ba ta iya sunkuyawa majina ta zubo, sai dattin ya koma ciki.

Duk yadda hanya ta ƙara tsawo, kuma duk yadda dabba ta ƙara yawan hannun da ta bi, haɗarin na ƙaruwa. San da ya fito daga rugar da ka sani, ya zo gidanka kai tsaye, ya fi wanda ya zaga kasuwa uku aminci, ko da ya ɗan fi tsada. Araha ba ta ado. Mafi haɗari shi ne san da aka karya wa farashi ba dalili: mai garken da ya ga huhu ya shigo masa yakan yi sauri ya fitar da dabbobin kasuwa kafin su faɗi.

Cakuɗa sabo da tsoho

Wannan ne kuskuren da ya fi cin ƙungiyoyi. Ana da shanu 8 sun yi wata biyu sun fara cika, sai kuɗi ya shigo a ƙaro 4, a ɗaure su jere da na da, komi ɗaya, bokiti ɗaya. Idan ɗaya cikin sababbin na ɗauke da huhu, ka haɗa shi hanci da hanci da jarinka gaba ɗaya. Ko ba ya ɗauke da huhu, kowane rukuni na zuwa da nasa ƙwayoyin murar da ɗayan rukunin bai saba da su ba. Ƙara da faɗan neman girma da sababbin bijimai ke yi, wanda shi ma wahala ce.

Haka nan san da aka kai kara bai sayu ba aka dawo da shi. Ya fita lafiya, amma ya wuni cikin baƙin shanu. A ɗauke shi a matsayin sabo.

Wurin ɗauri

A unguwa irin Shahuci fili ya yi ƙaranci. Gidaje manne da juna, lungu ƙunci, katanga doguwa. Ga tsoron ɓarayi, sai mutum ya sa dabba a ɗaki mai rufin kwano ya rufe ƙofa da taga. To, a irin wannan ɗaki iskar da sa ya fitar ita yake sake shaƙa. Fitsari da kashi idan suka taru suna fitar da amoniya, wannan warin mai yaji da ke sa ido hawaye, kuma ita ce ke ƙona hanyar numfashi a hankali. Ga gwaji mai sauƙi: da asuba kafin a buɗe, shiga ka tsuguna kanka ya zo daidai da hancin sa idan yana kwance. Idan idonka ya yi yaji ko ka ji numfashi na yi maka nauyi, ka tuna kai minti guda ka yi, shi kuwa a nan ya kwana.

Hayaƙi ma haka. Murhun girki kusa da turke, janareta a lungu ɗaya da dabba, ko wutar da ake hurawa da dare don korar sauro da sanyi a wuri rufaffe, duk suna cin huhu. Abin da sa ke so shi ne rumfa mai tsawo, iska na shiga ta sama tana fita, ƙasa busasshiya mai ɗan gangare don fitsari ya wuce, da tazarar da kowanne zai kwanta ya miƙe ba tare da ya hau ɗan uwansa ba.

Yanayi

A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, Kano kan kwana da sanyi mai shiga ƙashi, da rana kuma a yi zafi, ga hazo da ƙura wuni guda. Wannan hawa da saukar tsakanin dare da rana ya fi sanyin kansa illa. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40. Sa mai ƙiba a ƙarƙashin kwano sai ya yi ta haki don ya huce, hakin kuma na busar da maƙogwaro yana jawo ƙura ciki. Ruwan farko na damina, idan ya jiƙa dabba iska ta bi ta kanta, shi ma lokaci ne na tashin ciwo.

Ka lura da kalanda. Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo 6 ga Yuni, kuma duk shekara tana ja baya da kwana 10 zuwa 11. Ma'ana a 'yan shekarun nan masu turkar Sallah za su riƙa sayen dabba cikin ƙurar hunturu, su yi kiwon cikin zafin bazara. Lokutan biyu mafi wuya ga huhu ke nan, a jere.

Abinci, ruwa da ɗura

San da ya taso a daji ciyawa tumbinsa ya sani. Idan ka cika masa komi da dusar masara ko tsaki tun ranar farko don kana sauri ya yi ƙiba, tumbin zai yi tsami, ya daina ci, ya yi zawo, ƙarfin jikinsa ya faɗi daidai lokacin da ƙwayoyin hanya ke neman shiga. Akwai abin da ya fi wannan. Tsamin kan ƙona bangon tumbi, ƙwayoyin cuta su bi jini su yi ƙurji a hanta, daga hanta kuma mugunya ta bi babbar jijiya ta watsu cikin huhu. Irin wannan sa ne za ka ga yana tari, wata rana jini ya ɓalle masa ta hanci da baki. Idan an kai nan, magani ba ya yi.

Busasshiyar dusa mai gari tana tashi ta shiga hanci duk lokacin da ya sa baki, don haka a yayyafa mata ruwa. Harawar da ta sha ruwa a kan rufi ta yi fumfuna, a zubar. Mai ba dabba ɓawon dankalin Hausa ko ragowarsa daga kasuwa ya kula ƙwarai: dankalin da ya ruɓe ya yi fumfuna yana da dafin da ke zuwa huhun shanu kai tsaye, ya sa su haki mai tsanani har su mutu cikin 'yan kwanaki, kuma allura ba ta warware shi.

Ruwa kuwa, babban sa a bazara yana iya shan lita 40 zuwa 60 a rana, wato jarkar 'yan garuwa biyu ko fiye. A cikin gari inda ruwa na kuɗi ne, nan ake yawan yi wa dabba ƙwauro. Ragin da ka yi a kuɗin ruwa, a kantin magani za ka biya shi.

Sai ɗura. Ko maganin tsutsa ne, ko jiƙon kanwa, ko mai, idan aka ɗaga kan sa sama sosai, aka ja harshensa, aka juye kwalba gaba ɗaya, ba ya iya haɗiya da kyau, sai ya ƙware ruwan ya bi maƙogwaro ya sauka a huhu. Bayan kwana 2 ko 3 sai zazzaɓi da numfashi mai wari. A riƙe kai daidai, a sa bakin kwalba ta gefen baki, a zuba kaɗan-kaɗan, idan ya yi tari a dakata. Dabbar da ta kwanta ba ta iya ɗaga kai, kada a yi mata ɗura sam.

Wace dabba ce ta fi shiga haɗari?

Ƙaramin da aka yaye ba da jimawa ba ya fi babban bijimi saurin kamuwa da zazzaɓin tafiya. Ramamme sosai, wanda tsutsar ciki ko ciwon hanta ko sammore ya riga ya cinye, ba shi da ƙarfin faɗa da sabuwar cuta. Wanda ba a taɓa yi wa rigakafi ba a buɗe yake. Wanda aka yi wa dandaƙa ko aka yanke wa ƙaho a makon da ya iso, an ɗora masa wahala kan wahala. Ramar da ake nema a san turka ita ce ta ƙarancin abinci, mai ido garau da hanci mai laima. Ramar ciwo daban ce.

Alamomin da za ka duba kullum

Mafi kyawun lokacin dubawa shi ne da sassafe, sa'ad da ka zuba abinci. Wanda bai taso ba, ko ya zo ya shinshina ya koma, shi ne abin zargi. Duba kunne ya faɗi, kai a sunkuye, ya daina tuƙa, hanci ya bushe ko yana zubar da majina mai kauri. Babban sa mai lafiya yana numfashi kamar sau 10 zuwa 30 a minti idan yana hutawa a inuwa. Ka mallaki ma'aunin zafin jiki, ba shi da tsada: lafiyayyen sa yana tsakanin digiri 38 da 39 da 'yan kai, idan ya kai 40 da safe zazzaɓi ne. Mai huhu sosai yakan tsaya ya miƙa wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, ya fuskanci iska, yana nishi, kuma idan ka danna haƙarƙarinsa sai ya ji zafi. A kasuwa ma, sa a zagaya da shi da sauri na ɗan lokaci, sannan ka tsaya ka saurara. Tarin da ya ɓoye a tsaye yakan fito bayan motsi.

Abin da za ka yi

Ranar da dabba ta iso, ba ta inuwa, ruwa mai tsabta da busasshiyar ciyawa ko harawa, ka bar ta ta huta. Dusa a fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa cikin mako 2 zuwa 3.

Keɓe sabo aƙalla mako 3 zuwa 4, nesa da inda numfashinsu zai haɗu, da bokitinsa da kominsa. Wannan zai kama zazzaɓin tafiya da yawancin masu huhu, ko da yake huhu na iya ɓuya fiye da haka. Shi ya sa ya fi kyau ƙungiya ta sayi shanunta rukuni guda, ta sayar rukuni guda, ta share wurin ta bar shi ya sha rana kafin a kawo wasu.

Yi rigakafin huhu. Kariyar allurar ba ta wuce kamar shekara guda, don haka ake maimaitawa duk shekara, kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Tana bukatar sanyi tun daga Vom har zuwa jikin dabba, saboda haka a karɓe ta ta hannun ma'aikatan dabbobi, ba a teburin kasuwa ba. Gwamnatin Kano kan yi gangamin rigakafin shanu, kuma shirin bunƙasa noma da kiwo na jihar, KSADP, wanda Bankin Musulunci ya tallafa wa, ya sa hannu a ciki. Asibitin dabbobi na Gwale na kusa da mutanen cikin gari, a je a tambayi lokaci. Wani lokaci wurin allurar kan kumbura, idan kumburin ya yi girma a koma wa likita.

Idan ɗaya ya kamu, ware shi nan take, ka kira likitan dabbobi. Zazzaɓin tafiya yana jin magani idan an fara da wuri kuma an cika kwanakin. Huhu kuwa ba ya jin fenisilin ko kaɗan, sauran alluran kuma suna iya kwantar da alamun su bar ƙwayar a ciki. Allurar rabi-rabi da ake yi da ka, yau wannan gobe wancan, ɓarnar kuɗi ce kuma tana sa ƙwayoyin su daina jin magani. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba, an rubuta a jikin kwalba, a kiyaye saboda masu cin naman.

Huhu ciwo ne da doka ta ce a sanar da hukumar dabbobi idan an gan shi. Kada ka lallaɓa ka kai mai ciwo kara ka sayar wa wani, don gobe daga wannan karar za ka sayo. Idan likita ya ce a yanka, a kai mayanka inda za a duba naman.

Ga 'yan ƙungiya, ku ware mutum ɗaya mai littafi: ranar da aka sayo kowane sa, kasuwar da ya fito, ranar rigakafi, ranar da ya yi ciwo da maganin da aka ba shi. Bayan zagaye biyu ko uku littafin zai nuna muku da kansa wace kasuwa, wane dillali da wane wata ne ke kawo muku asara. Ku kuma cire kuɗin ruwa, rumfar keɓewa da likita tun ranar da kuke raba jari, kafin a sayi sa na farko. Allah ya ba da sa'ar kiwo.